Rasuwar Rijiyar Gidan Kulu Mai Koko

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunya da ba ta ɓoyuwa, Inna Kulu mai koko ta Tudun Wada, Zariya, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta rasuwar rijiyar gidanta. Labarin ya iske ta ranar Talata da hantsi tana tsaka da tace gasara, lokacin da Malam Salmanu na hukumar kula da muhalli ya yi sallama da takarda a hannu. An shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba. Tun daga nan jikinta ya ba ta.

Marigayiyar ta rasu tana da shekara talatin da ɗaya. Malam Kailani, mijin Kulu, Allah Ya jiƙansa, shi ya sa aka haƙa ta, gaba goma sha biyu. Ba ta taɓa ƙafewa ba, ko a bazarar da famfo ya yi wata huɗu bai ce uffan ba. Ba ta da yawan magana. In an zura guga ta ce "tsulum", in ya cika ta ce "ɓul-ɓul", shi ke nan. Ta shayar da Musulmi da Kirista ba ta tambayi kowa addininsa ba. Kulu ta daɗe tana cewa daɗin kokonta daga hannunta yake. Yau ta amsa a bainar jama'a: ruwa ne.

Ciwon ajali ya fara da daminar bara. Tarwaɗar da ke zaune a ciki tana cinye ƙwari ce ta fara tasowa ciki sama. Daga nan wani maiƙo mai launin bakan gizo ya kwanta a kan ruwan. Gladys, maƙwabciyarta mai shago, wadda ta shekara ashirin tana ɗiba a nan, ta sunsuna bokiti ta ce, "Inna, wannan warin fetur ne. A kira hukuma."

Kulu ta ce, "Maman Chinazam, hancinki ne. Kin cika zama kusa da janareta."

Sai ta yi abin da ta gada iyaye da kakanni: rijiya in ta ɓaci, yashe ta ake yi. Ta kira Nagoda mai yasar rijiya, har sau uku. Da yake ba ta son almubazzaranci, duk ruwa da laka da aka fitar sai ta sa a juye a gindin zogale da lemun tsami, ragowar ya bi rariya zuwa lungu. A na uku da igiya aka jawo Nagoda, jiri na ɗibarsa. Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Inna, ko zinariya ce a ƙasan nan, na yafe."

Gladys ce ta kai rahoto. Kulu ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwarta.

Ma'aikata suka zo da kwalabe da safar hannu, suka ɗebi ruwa da ƙasa. Takardar ranar Talata ta nuna tankin gidan man da ke bayan katanga ne ya daɗe yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa, rijiyar kuma ba ta shayuwa. Hukuma ta rufe gidan man, ta umarci mai shi ya tono tankin, ya kwashe gurɓatacciyar ƙasa, ya riƙa kawo wa gidaje biyar da ke ɗiba a rijiyar ruwa a motar tanka. Za a kuma huda ƙananan ramuka a lungu, a riƙa gwada ruwan ƙasa duk wata uku. Kulu har ta fara murna an samo mai laifi, sai Malam Salmanu ya ce, "Inna, ruwan da aka yashe, ina aka zuba?"

Ta kai shi gindin zogale tana nunawa da alfahari.

Ya cire tabarau. "Sau nawa?"

"Sau uku, ɗana. Ni ba na wasa da tsabta."

Nan take ya ƙara layi a takardar. Tsakar gidanta ma za a kwashe ƙasarsa, zurfin gwiwa, har da rabin lungu. Wato abin da ke ɓoye gaba goma sha biyu, ita da kanta ta hauro da shi ta raba wa unguwa.

Marigayiyar ta bar guga ɗaya, igiya, randuna uku, gidaje biyar, da wata tsohuwa mai taurin kai. Tarwaɗa ta riga ta. Zogale da lemun tsami suna kan hanya.

Kulu ta tambaya ko wata rana za a buɗe ta. Malam Salmanu ya ce sai gwaji ya fito da tsabta sau huɗu a jere. "Wataƙila shekara biyu, wataƙila goma. Ƙasa ba ta gaggawa, Inna." Kulu kuwa shekararta sittin da uku.

Za a rufe bakin marigayiyar da siminti ranar Asabar da safe, a gaban Malam Salmanu, wanda zai sa alamar hukuma. Ana roƙon masu halarta kada a zo da taba ko ashana, kuma ba turaren wuta. Zaman makoki a zaure ne, domin tsakar gida na jiran masu tono. Za a raba koko na ruwan tanka, wanda ya ji bambanci ya bar shi a cikinsa. An ajiye wa Gladys kujera a gaba, ta ɗauki wannan a matsayin ban-haƙuri, don Kulu ba ta iya faɗa da baki ba.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Mai son ganin Kulu ya zo bayan ta idar da sallar asuba. Zai same ta ta sauke guga daga ƙusa, ta tsoma shi a ruwan tanka, ta mayar ta rataye. Gugan na roba ne, roba kuma in ta bushe tsagewa take, ita kuwa ba ta so ranar buɗe rijiyar ta zo a ce babu guga.