Maganin Jirin Kwale-kwale

Da damina ce, kogin Kano ya cika fal, ni kuwa dole in kai ɗana Garba gidan Innata a tsallake don a yaye shi. Ban taɓa shiga jirgin ruwa ba. An ce mini yana sa jiri, har mace ta kife da goyonta cikin ruwa. Wannan magana ta hana ni sukuni.

Sai na shiga neman magani. Surukata ta ce citta, maƙwabciyata ta ce tsamiya, wata ta ce ruwan kanwa. Na ce me zai sa in zaɓa? Na haɗa duka na ɗirka, na bi da fura. A bakin kogi har ina yi wa wasu mata faɗa wai ba su shirya ba.

Muka shiga kwale-kwalen wani dattijo masunci. Na tamke goyo, na runtse ido. Nan take na shiga kwara amai, ina salati, ina ihu: “Baba, don Allah a mai da mu! Ruwan nan zai kashe ni!”

Sai dattijon ya ce, “’Yar nan, in mai da ke ina? Ai ko kwance jirgin ban yi ba.”

Na buɗe ido. Innalillahi! Ga mu ɗaure a turke, gindin jirgin bisa yashi, matan nan duk sun riƙe baki.

Har yau, ko kwatar gida zan tsallaka sai ƙanen mijina ya ce, “Matar yaya, dakata a kira masunci!”