Ƙeyar Idon Gari

Idon Gari ba ya kallon zane. Wannan ba tsegumi ba ne, ba kuma asiri ba ne da wani ya tona. Shi da bakinsa yake faɗa, yana shafa gemu, kamar mai ba da labarin gadon gidansu. "Kallo na 'yan koyo ne," in ji shi. "Ni zane ne yake kallona."

Allah ya yi wa garin nan baiwa da wannan bawa nasa. Wasu garuruwan sai sun ɗauko masani daga nesa kafin a bayyana musu zanen zamani, irin wanda ba mutum a ciki, ba tsuntsu, ba bishiya, sai launuka da layuka suna kokawa a kan ƙyalle. Mu namu a gida yake, kuma ba ya jira a tambaye shi. Kafin ya yi ritaya darakta ne a wata ma'aikata, inda ya tsufa yana sa hannu a kan takardu, ba a taɓa kama shi da laifin karanta ko ɗaya ba. Da ya ajiye aiki sai ya shiga neman fagen da irin wannan baiwa ba za ta lalace ba. Ya same shi a zauren baje kolin zane-zane da ke bayan asibiti.

Sunan Idon Gari shi ya raɗa wa kansa. Sauran jama'a Ƙeya suke ce masa a bayan idonsa, abin da ba shi da wuya, tunda duniya duka a bayan idonsa take.

Ga yadda yake aikinsa. Zai shigo zaure da sandarsa mai kan azurfa, wadda ba ƙafarsa take taimako ba, bakinsa take taimako. Zai doshi zane kamar zai rungume shi, ya ɗan sace launinsa da wutsiyar ido, sai ya juya ya ba shi baya ya fuskanci mutane. Daga nan fuskokinsu yake karantawa. In ya ga sun tamke gira, sai ya ce, "Gwagwarmaya!" In ya ga sun karkata kai, sai ya ce, "Zurfi!" In ya ga sun yi zuru, wannan ita ce ranar sa'arsa. "Wannan hira ce tsakanin haske da duhu," zai ce, yana nuni da sanda ta saman kafaɗa. "Ba kowa ne aka gayyata ba." Sai kowa ya gyaɗa kai, don ba wanda yake so a ce shi ne ba a gayyata ba.

Mutum ɗaya ne ya hana shi shan ruwa, wani tsohon likitan haƙori. Shi kuma likita nasa ciwon daban ne. Kusantar zane yake har hancinsa ya kusa taɓa fenti, yana leƙen kowane layi kamar mai neman kogo a haƙori, kuma bai taɓa rasa abin cirewa ba. Ɗaya ya ba zane ƙeya, ɗaya ya ba shi hanci. A tsakaninsu masu zanen garin nan suke neman abinci.

To, bana kujerar babban alƙalin baje koli ta faɗi. Wanda yake kai ya sauka, ya ce idonsa ya yi rauni. Idon Gari ya daɗe yana mamakin wannan dalili. Kujera ce mai daɗi: mai ita shi ke zaɓar abin da za a rataye da abin da za a mayar wa mai shi, kuma shi ake ba abin magana a kowane taro. Idon Gari ya so ta kamar ransa. Likita ma haka. Mai zauren, wata mace mai ƙarancin magana da yawan lura, ta ce ba za ta raba gardama a ofis ba. Al'adar gidan ce ranar buɗe baje kolin shekara a rufe sunayen masu zane da farar takarda, a yi muhawara a kan aikin, sai an gama a ɓare takardar, don kada a yabi suna a bar zane. Ta ce wanda ya fi nuna fahimta a muhawarar bana, kujera tasa ce.

Idon Gari bai yarda da barin abu ga sa'a ba. Ya gayyaci mai zauren gidansa shan shayi, ya zaunar da ita a falo, shi kuma ya hau kujerarsa ta kullum, babba mai hannuwa, wadda ta jingina da bango. Ya fara daga yadda aka gane basirarsa tun yana firamare. Shayi ya huce, aka sake wani, ya huce. Duk tsawon lokacin mai zauren ba ta ƙifta ido ba. Ta kafa shi can saman hularsa, bakinta a ɗan buɗe. Idon Gari ya ji daɗi ƙwarai. Ya saba ganin baƙi suna yi masa wannan kallon, ya kuma san dalili: kwarjini ne, ba kowa ke iya haɗa ido da shi ba.

Abin da take kallo zane ne, rataye a bangon da ke bayan kujerar. Matarsa ce ta yi shi. Malamar lissafi ce da ta yi ritaya, kuma tun yara suna ƙanana take shiga ɗakin ajiya na baya da gwangwanayen fenti in ta gama aikin gida. Maigidan ya san da wannan. Yana kiransa "ɓarnar fentin uwar yara", yana kuma yafe mata, don shi mutum ne mai haƙuri da raunin mata. Da ya shiga ciki ɗauko hoton da yake so a buga a fostar taron, mai zauren ta leƙa kicin wurin matar. Abin da suka ƙulla bai fi tsawon wanke kofi ba.

Washegari zanen ya bar gidan a bayan mota. Ya bar ƙusa da wani farin gurbi mai kusurwa huɗu a bango. Idon Gari ya ci gaba da zama a ƙarƙashin gurbin har ranar taro. Abin da kawai ya lura da shi, baƙi sun fara kallonsa ido cikin ido, ya ce wa matarsa tarbiyya ta ƙare a duniya. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba a faɗi haka da wannan mai ɗakin ba.

Ranar taro da la'asar zaure ya cika. A bakin ƙofa ga fosta ta kai tsayin mutum, Idon Gari a hakimce cikin kujerarsa, ya tallafe haɓa, yana hangen abin da mu talakawa ba ma gani. Ya tsaya a gabanta ya daɗe. Ita ce kaɗai abin da aka rataye a zauren nan da ya taɓa kalla da idonsa biyu.

Aka bi zane-zane ɗaya bayan ɗaya. Likita ya ce wannan jan ya yi yawa, a cire. Idon Gari ya ce gwagwarmaya. Likita ya ce wancan koren ya ruɓe daga saiwa. Idon Gari ya ce zurfi. Matarsa tana can layin baya da jakarta a kan cinya, inda ya ce ta zauna don kada bayani ya yi mata nauyi.

Sai aka zo kan na ƙarshe, wanda mai zauren ta ba bango guda shi kaɗai. Shuɗi ne mai duhu, da ɗigo-ɗigon rawaya da fari a warwatse kamar suna neman hanyar fita, sai wani baƙin layi mai kauri da ya taso daga wannan gefe ya bi ta kansu har wancan gefe, bai yanke ba. Zaure ya yi tsit. Idon Gari ya saci launi, ya juya, ya ga fuskoki sun yi abin da bai taɓa gani ba. Ya san ranarsa ce.

Likita ya kai hanci, ya ja baya, ya sake kaiwa. Karon farko a rayuwarsa bai sami abin cirewa ba. "Ni dai," in ji shi, yana sosa ƙeya, "kamar na taɓa ganin wannan a wani wuri."

Idon Gari ya yi dariyar manya. "Likita, Likita. Ka taɓa gani a bakin wa? Jama'a, ku ji fa. Irin wannan aiki ba a taɓa ganinsa a manta. Ni da na yi yawon duniya, yau na fara haɗuwa da shi, kuma tun daga ƙofa na ji shi a jikina." Ya ɗaga sanda ta saman kafaɗa. "Wannan hannun namiji ne, matashi, wanda ya yi karatu a waje. Mace ba ta da wannan ƙarfin wuyan hannu, fure take zanawa. Likita, me ka gani a tsakiya?"

"Baƙin layi."

"Madalla, ka yi ƙoƙari. Wannan baƙin layi zalunci ne! Wani abu ne mai nauyi da ya danne mai zanen shekara da shekaru, ba ya tsayawa, ba ya numfasawa, ba ya barin kowa ya ce uffan. Ƙananan launukan nan kuwa maganganu ne da aka hana su fita."

Daga layin baya aka ji wata ta yi tari.

In kiɗa ya yi zaƙi, ganga ta kusa fashewa. Idon Gari ya ga mai zauren tana gyaɗa kai, ya ga kujera tana matsowa, sai ya ƙara wuta. "Kuma ina gaya muku, wannan bawan Allah a cikin makafi yake zaune. Mutanen gidansa ba su san abin da Allah ya ajiye musu ba. Kaico! Duk wanda ya kwana gida ɗaya da wannan zane bai gane darajarsa ba, bai cancanci ya tako ƙofar zauren nan ba, balle a ba shi alƙalanci. Ku rubuta, ni na faɗa."

Aka yi tafi. Ana cikin tafin ne likita, wanda ya fita yana gunguni, ya dawo janye da fostar bakin ƙofa. Ya jingina ta kusa da zanen. "Na ce na taɓa gani," in ji shi.

Ga Idon Gari a hoto, ya tallafe haɓa. Ga shuɗi mai duhu a saman hularsa. Ga baƙin layi ya shiga ta bayan kunnensa na dama ya fita ta na hagu.

Mai zauren ta sa farce ta ɓare farar takardar, ta karanta sunan da ƙarfi. Sunan matar da Idon Gari ya biya sadaki a kanta ne.

Matar ta taso a hankali, ta rataya jaka. "Baban yara," ta ce, "tun kafin auren babbar 'yarmu yake bayan kujerarka. Shi ne wanda nake cewa ka ɗan sunkuya in goge."

Likita, wanda bai taɓa barin haƙori a rabin cira ba, ya ce, "Malama, don Allah, baƙin layin fa? Zaluncin zamani ne, kamar yadda masani ya faɗa?"

"Ni ban san zamani ba," in ji ta. "Abin da nake gani ne in na rufe ido yana magana. Amma ya yi bayaninsa daidai. Ban taɓa jin wanda ya fahimce shi haka ba."

Wata dattijuwa ta yi dariya har sai da aka riƙe ta. Mai zauren ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta ce hukuncin da masani ya yanke da bakinsa ya yi, ba za ta ƙara ba, ba za ta rage ba. Kujera ta likita ce, tunda shi ko ba komai ya san inda zane yake.

Kada a ce Idon Gari ya faɗi. Irinsu ba sa faɗuwa, sai dai ƙasa ta taso ta same su. Ya gyara wuyan riga, ya buga sanda. "Jama'a, ai wannan shi ne abin da nake faɗa kullum. Zanen nan ni na goya shi. A inuwata ya girma. Ba don wannan baƙin layi ba, da me za ku kalla? Ina ganin ya dace a ƙara a jikin takardar cewa..."

Ba wanda ya ji abin da ya dace a ƙara. Jama'a sun riga sun zagaye shi sun wuce, sun yi dafifi a gaban zanen da mai shi, wannan na tambayar yadda ta haɗa shuɗin, wancan na tambayar ko akwai wasu a ɗakin ajiya. Ta ce akwai, har sun tokare ƙofa. Idon Gari ya tsinci kansa a tsakiyar zaure shi kaɗai, ba fuska ko ɗaya da zai karanta. Ya juya, abin da ƙafafunsa ba su saba ba. Bai ga komai ba sai ƙeyoyi, manya da ƙanana, masu hula da masu ɗankwali, sun yi masa katanga.

Ya yi ɗage. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu. Can ya taɓa kafaɗar wani da kan sandar azurfa, ya rage murya yadda ba a taɓa ji ba.

"Bayin Allah," ya ce, "ku ɗan matsa mini in gani."