Gonar Makaranta da Bidiyon Malam Bitrus

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka zauna zaɓen wanda zai riƙe gonar makarantarmu, wata sakandare kusa da Malumfashi. Ni ne malamin noma, da takardata da komai. Malam Bitrus kuwa lissafi yake koyarwa, amma shi ke ɗaukar bidiyo a gonarsa yana nuna yadda ake zuba taki da yadda ake adana masara ƙwari ba su taɓa ta ba, ya ɗora a babbar manhajar nan da kowa ke kallo. Ka shiga kasuwar Bakori ka ji 'yan hatsi suna "Malam Bitrus ya ce". Ni da na karanci abin, ko maigadin makaranta bai taɓa tambayata yaushe ake shuka ba. Abin yana cina ƙwarai. Hassada ce tsagwaronta (a lokacin dai kishin ilimi nake ce mata).

Duk sanda aka ɗauko zancensa a ofishin malamai sai in taɓe baki. "Ni fa ba na shiga wannan manhajar. Kafin ka ga komai an sako maka tallan maganin basir, an biyo da na caca. Tuni na koma ƙananan manhajojin nan marasa talla." Har sunan ɗaya na faɗa, don a san ni ma idona a buɗe yake.

Ashe bawan Allah ya riƙe sunan. Ya je ya buɗe shafi a can, ya kwashe bidiyoyinsa ya zuba. Da na ci karo da su sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama: wuri shiru kamar kasuwa ta watse, wa zai gan ni? Na fara kallo don in kamo kuskure. Ban samu ba. Na sake kallo. In taƙaice maka, masarar da na noma a daminar nan, da dabararsa na noma ta, kuma ta yi kyau, wanda hakan ya ƙara ƙona mini rai.

Ranar zaman, Hajiya shugabar makaranta ta ce mu biyu ake dubawa. Ina son gonar nan kamar me, don in ta kuɓuce wa malamin noma ta koma hannun malamin lissafi, da wane ido zan kalli ɗalibai? Ta juyo gare ni.

"Malam, kai ne mai fannin. Ya ka ga bidiyoyin Malam Bitrus?"

Na gyara zama. "Ranki ya daɗe, ko ɗaya ban taɓa kallo ba. Noma ai ba wasan waya ba ne."

Malam Bitrus ya bushe da dariya, da zuciya ɗaya, ya ɗauka zolaya nake. "Kai, Malam akwai barkwanci! Hajiya, ai ba ni da masoyi kamarsa. Ƙaramar manhajar nan tana nuna wa mutum waɗanda suka kalla, kuma tun da na buɗe shafin, shi kaɗai ke zuwa. Bidiyon adana masarar nan ma ya fi ni kallonsa."

Ya miƙa mata wayar. Ga hotona nan ƙarƙashin kowane bidiyo, da hular sallah, ina murmushi. Waya ta shiga yawo hannu zuwa hannu. Na ji bakina yana cewa wataƙila yara ne a gida suke ɗaukar wayata (ni da ko aure ban yi ba, kuma kowa a wurin ya sani).

Hajiya ta cire tabarau ta goge ido. "To madalla. Malam Bitrus zai riƙe gona. Kai kuma, Malam, ka zama mataimakinsa, tunda ka riga ka haddace darasin."

Har yau ni ke riƙe masa waya in zai ɗauki bidiyo. Abin da na koya shi ne, mai hassada in zai yi leƙe ya shiga cikin taro ya haƙura da talla. Inda babu kowa, nan ake gane fuska.