Rasuwar Malam F1 na Biron Iri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta kasa zama wuri ɗaya, nake sanar da jama'ar Madarumfa da kewaye rasuwar Malam F1, akwatin taimako na cikin ordinater, wato kwamfutar bironmu, ofishin rabon iri. Ya cika ranar Talata da hantsi, cikin Yunin nan na 1998, a hannun ƙwararru.

Marigayin ya zo mana daga Yamai tare da furoje, wato shirin tallafin manoma. Shuɗi ne, mai fararen baƙaƙe, ba shi da hoto ko ado. In aiki ya cije sai a danna maɓallinsa na F1, ya ce "tit", ya fito. Bai taɓa cewa a dawo gobe ba, halin da ya sa bai yi kama da sauranmu ba.

Babbar baiwarsa ita ce yarda a yi rubutu a jikinsa. Injin nan ba ya fitar wa manomi takardar karɓar iri sai da ranar haihuwa, mutanenmu kuwa an haife su ne shekarar fara, ko damina biyu bayan babbar yunwa. Illo, tsohon sakatarenmu, ya gano hanyar lallaɓa injin, ya rubuta ta da Hausa a ƙarƙashin Faransancin marigayin, sannan ya tafi Kurmi bai bar adireshi ba. Tun daga nan Ɗelu, mai buga mana takardu, take dubawa tana bi. Ba ta haddace ba, mu ma haka. Mai rijiya a tsakar gida ba ya tara ruwa.

Ciwon ajali ya zo a bayan babur, cikin jakar Mushe Haruna, wato Malam Haruna a bakin 'yan boko, gwanin inji daga Maraɗi. Ya shaida mana cewa duniya ta bar irin wannan taimako, yanzu an koma shafuka masu kalmomin da aka ja wa layi, ka taɓa wannan ta kai ka waccan. Ya kwashe Faransancin kaf ya zuba a sabon tsari. Da ya iso layukan Illo sai ya ɗauka datti ne ya shiga, ya share su da kyakkyawar niyya. Marigayin ya yi "tit" sau ɗaya, a hankali, allon ya yi fari.

Magajinsa kyakkyawa ne, ban musa ba. Yana da launi, yana da hoton littafi, kuma a kulle yake, ba mai ƙara masa ko wasali. Na tambaye shi batun wanda ba shi da ranar haihuwa. Ya tura ni shafin "Ranaku", "Ranaku" ya tura ni "Kurakurai", "Kurakurai" ya ba ni shawarar in tuntuɓi sakataren biro. Na yi digiri a jami'a, amma ban taɓa ganin an kori mutum da ladabi haka ba.

Ya rasu ya bar Ɗelu, wadda tun Talata take danna maɓallai bi da bi ko hannu zai tuna abin da kai ya manta. Ya bar magazan, ɗakin ajiyarmu, cike da irin gero, da mai gadinsa da aka hana buɗewa sai da takarda. Ya bar manoman garin Sarkin Yamma da jakunansu a ƙofar biro, suna jiran a kira sunansu, suna ɗaga kai suna duban gabas, inda hadari ya fara haɗuwa.

Ba za a ga gawa ba. Disket ɗin, faifan ajiyar da ke ɗauke da ita, Mushe Haruna ya goge ta, ya zuba wasan kati.

Zaman makoki yana gudana a gindin bishiyar bedin ƙofar biro, daga safe har la'asar. Mai zuwa ya zo da tabarmarsa, don inuwar ta cika. Wanda ya san inda Illo yake a Kurmi, kada ya tsaya gaisuwa, ya wuce tashar Ɗan Issa ya ba direba saƙo. Za a shafa fatiha a watse ranar da ruwan shuka ya sauka, kowa ya je ya kakkaɓe gindin rumbunsa ko ya samu abin shukawa.

Sanarwa daga Mamman Kanta, shugaban biro, a madadin waɗanda aka bari.