Ranar da Fiyano Ya Yi wa Mai Girma Taken Wani

Ranar Asabar na shafe awa uku a layin mai a nan Birnin Kudu. Saura babura huɗu a zo kaina aka ce famfo ya tsaya. Na yi tsammanin ɗan abin da ke tanki zai kai ni gonata ta wajen Sundimina. Bai kai ni ba. Na tura babur har bakin wani ƙauye, inda na tarar da rumfuna biyu, kujerun roba da lasifika huɗu. Za a buɗe rijiyar burtsatse. Na san rijiyar, don na halarci buɗe ta shekara biyu da suka wuce. Ni dai ban ga laifin a buɗe abin alheri sau biyu ba.

A gefen rumfa na ga maƙwabcina Malam Sada zaune a kan benci. Shekara talatin da biyar yana kiɗan kalangu, kuma ban taɓa ganin sa a taro ba shi da abu a hammata sai ranar.

Na ce, "Malam Sada, ina kalangun?"

Ya nuna wani tebur da haɓa. "Ga shi can a cikin wancan akwatin. Ni kallo na zo, in ji yadda nake kiɗa."

A kan teburin akwai fiyano irin na sitidiyo, da wata ƙaramar na'ura mai maɓallai goma sha shida. Mai su shi ne Zulkifli, mutum ɗan shekara arba'in da ya tashi a Kano ya dawo gida da sana'ar haɗa sauti. Bara ya je gidan Sada da makirufo, ya ce ya buga masa duk abin da ya iya, don tarihi. Sada ya buga. Na'urar ta haɗiye, kuma tun daga nan duk kwamitin da zai yi taro Zulkifli yake kira. Wata bakwai ke nan ba a aika wa Sada goron gayyata ba.

Zulkifli ya yi mini bayani da fara'a. Ya danna maɓalli, kalangu ya tashi. Ya danna na biyu, mata suka rangaɗa guɗa. Na uku tafi ne na mutum dubu, alhali mu da muke wurin ba mu kai ɗari ba.

Ya ce, "Malam, wannan ai tsohon yayi ne. Wadda ke tafe ba ta buƙatar yatsa. Kyamara ce a jikinta, ta ga fuskar baƙo ta zaɓa masa kiɗa. Akwai wata ma da ba ta fi ƙwayar goro ba, a maƙala ta a wuyan babbar riga."

"Ta yi me a can?"

"Duk inda mutum ya tsaya ya numfasa a jawabi, ta yi masa tafi."

Dole a yaba. Shekara da shekaru manyanmu suna fama da jama'a. A kwaso su a mota, a dafa musu shinkafa, a kafa musu rumfa, sannan wani marar kunya ya ɗaga hannu ya tambayi maganar hanya. Na'ura ba ta cin shinkafa, ba ta da gona, ba ta da mara lafiya a asibiti. Idan masu ƙera ta suka ƙara himma, ina ganin nan da shekara biyar za a sami wadda za ta yi alkawari da maɓalli ɗaya ta yi godiya da na kusa da shi, mu kuma mu zauna a gida mu huta.

Da ƙarfe ɗaya da kwata Mai Girma Mai Almakashi, babban baƙon da zai yanke ƙyalle, ya iso, a taron da aka sa ƙarfe goma. Na ƙirga motoci tara. Zulkifli ya duba 'yan takardun da ya manna a jikin maɓallai. Ba sunaye ya rubuta ba, abin da kunnensa ya gaya masa ya rubuta: mai sanyi, mai daɗi, mai zafi. Ya zaɓi mai zafi.

Ga wanda bai sani ba, kalangu magana yake yi. Kowane babban mutum yana da takensa, wato 'yan kalmomin da makaɗi ya tsara masa shi kaɗai, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukan nan yana jin su kamar da baki aka faɗa. Abin da lasifika huɗu suka kwarara shi ne taken mutumin da Mai Girma ya gada, wanda ko gaisawa ba sa yi: "Na Abu, kujera taka ce, mai aro ya tashi."

Wata tsohuwa a bayana ta fara bin kiɗan da baki. Wasu suka kama. Sada ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Shi kuwa Mai Girma ya ɗaga hannu yana jinjina, yana ɗan rausayawa. Na duba agogo: minti uku cur ya yi yana taya jama'a murnar a ce masa ya tashi. Sai da wani dattijo cikin tawagarsa ya raɗa masa a kunne hannun ya sauko. Zulkifli ya rikice ya danna tafi.

An yanke ƙyalle a gurguje. Ba a matsa famfon ba, kuma babu wanda ya nemi a matsa.

Kafin motoci su tashi, wani Alhaji Aminullahi, shugaban kwamitin taron, ya nufo bencinmu yana share gumi.

"Sada, kai ka shirya mana wannan?"

"Ranka ya daɗe, da me? Ga hannuwana."

"To gobe ka je wurin Zulkifli ka buga wa Mai Girma nasa taken, a sa a na'ura. A wuce wurin."

Sada ya gyara zama a kan benci. Ya san in ya buga wannan ɗin, an gama da shi, ba sauran dalilin kiran sa har abada. In ya ƙi, a ce ɗan adawa ne.

Ya ce, "Alhaji, take ba a yin sa da gaggawa. A kan aiki ake ɗora shi. Sai na riƙa bin Mai Girma taro taro, ina ganin ayyukansa, har kalangu ya sami abin faɗa."

"Zai ɗauki kwana nawa?"

"Ya danganta da aikin, ranka ya daɗe."

Alhaji ya dubi famfon, ya dubi Zulkifli da ke naɗe wayoyi, ya ce ranar Alhamis akwai taro a Gwaram, a zo da kalangu.

Ban je Gwaram ba, don har yanzu babu mai. Amma ranar Juma'a na ga Sada a ƙofar gida yana ɗaure tsarkiyar kalangu, da sabuwar hula a kansa. Ya ce Zulkifli ma ya je, an bar masa guɗa da tafi, an hana shi taɓa sauran maɓallan.

Na ce, "Kai me ka buga wa Mai Girma, tunda ba shi da take?"

"Kiɗan gayya."

"Na noma?"

"Shi. Wanda ake yi wa wanda ya tsaya a tsakiyar kunya yana riƙe da ƙugu, don ya sunkuya ya kama aiki."

"Ya gane?"

"Ya ce bai taɓa jin kiɗan da ya dace da shi kamar wannan ba. Ya ce in riƙe masa shi."

Zulkifli ya gaya mini jiya cewa ana nan ana ƙera wata na'ura da za ta saurari kalangu ta rubuta abin da yake faɗa a kan allo, kowa ya karanta. Ba na adawa da ci gaba. Roƙona ɗaya ne, saboda maƙwabtaka: a ba da kwangilar kawo ta ga mutanen da suka saba kawo mana takin zamani.