Mutanen da Na Bari Cikin Rijiya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da bakin nan nawa, wanda ya daɗe yana ciyar da ni, ya ɗauke ni har garin Shagari ya zubar da ni gaban jama'a. Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu (ni ko aljihun ban gani ba, balle bakinsa). Sabulu ya ɓace daga kanti, shinkafa sai gidan 'yan siyasa, damina kuma ta yi mana rowa.

Ba ni da sana'a a lokacin sai labari. Boko na leƙa na gudu, allo kuma na tsaya inda malam ya gaji da ni. Amma in na zauna rumfar masu albasa a Bodinga bayan azahar, har mai facin taya yakan bar aiki ya matso. Wannan ya miƙo goro, wancan ya saya mini fura. Dabarar ba wuya. Ka samo mutum, ka ba shi suna da gari da mugun hali guda, rowa ko tsoro. Ka ajiye shi wurin da kowa ya sani, kamar hanyar Sifawa, don wani ya ce, "Wallahi na san wurin!" Sannan ka auko masa da masifa.

Yadda ake fitar da shi daga masifar ne ban taɓa koya ba. Don me zan koya, ga ladan? Nakan auna labarina daidai, lokacin da zaki ya hangame baki sai a ji kiran la'asar. In miƙe in kaɗe riga in ce, "Jama'a, salla ta fi labari." Ana sallamewa kowa ya kama gabansa, gobe in ɗauko sabo. Bayin Allahn nan ba wanda ya taɓa tambayata ina na jiya ya kwana. Har yabona suke, wai ga baiwa ga tsoron Allah.

Ana nan sai aka ce wani Alhaji Bube a Shagari, mai motar ɗaukar albasa zuwa kudu, yana neman wanda zai riƙa zama gaban mota yana hana direbansa gyangyaɗi, don ya kusa kai motar rami. Abinci kyauta, ga abin kawo wa iyali. Matata ta wanke mini riga da ruwan toka, ta ce, "In ba ka samo aikin ga ba, kada ka dawo min da labari."

Na isa da hantsi. (Ku riƙe wannan, nan na kashe kaina.) Alhaji na zaune ƙofar gida bisa darduma, ga limamin unguwa gefensa, ga direban, Ɗan Ige, idanu jajur kamar gauta.

"Kai ne na Bodinga?" in ji Alhaji. "To, ba mu mu ji."

Na gyara zama na kawo musu Tanko, wani marowaci na Horo Birni wanda ko gugansa ba ya ba da aro. Don kada a roƙe shi ruwa yakan tafi wata tsohuwar rijiya bayan gari shi kaɗai. Ran nan santsi ya kwashe shi, sai ciki. Yana ɗago kai sai ga idanu biyu suna ƙyalli: ashe kura ta riga shi faɗawa. Har Ɗan Ige ya daina hamma. Kura ta buɗe baki, ni kuma na rufe nawa, na kasa kunne wajen masallaci.

Ba abin da na ji sai daka da carar wani zakara marar aikin yi. Na dubi rana, ko rabin sama ba ta kai ba.

"Sai mi?" in ji Alhaji.

Na ce sai ga maciji daga wani rami.

"Sai mi?"

Na jefa surukin Tanko, wai ya zo nemansa. Na ƙara da wani makiyayi, na bi shi da saniyarsa. Gumi ya fara jiƙa rigar toka.

"Wai wagga rijiya ce ko kasuwar Bodinga?" in ji Ɗan Ige.

Nan Shaiɗan ya ba ni shawara, na karɓa hannu biyu. Na ce, "Ranka shi daɗe, a yi mini haƙuri, ban yi sallar walha ba."

Liman ya ce masha Allah, aka miƙo buta. Na yi alwala irin wadda ban taɓa yi ba, har tsakanin yatsu sai da na bi kamar mai neman ƙaya. Na tayar da salla. Allah ya gafarta mini, a sujada ba addu'a nake ba, igiyar da zan zura wa Tanko nake nema. Ina sallamewa in sake kabbara, da fatan su gaji su watse kamar mutanenmu. Ashe mutanen Shagari ba su da wannan kirkin. Sai ma ƙaruwa suke, na farko na ba na baya labarin inda aka tsaya.

Can liman ya yi gyaran murya. "Malam, walha dai tana da iyaka. In ramuwa kaka yi, ka hwaɗa muna a kawo maka tuwo nan."

Na juyo. Idanu sun fi na cikin rijiyar yawa.

"To, marowacin ga?" in ji Alhaji.

Na ce, "Ya mutu."

"Kura hwa?"

"Ita ma."

"Surukin? Da bawan Allah mai saniya, da bai ci ba bai sha ba?"

"Duka, ranka shi daɗe. Rijiyar ce ta rufta."

Sai wata tsohuwa daga bayan zana ta ce, "Allah wadan wanga ƙato! Na bar miyata ta ƙone don a rufta min rijiya?" Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki.

Ɗan Ige ya ce, "Alhaji, gara barci shi kashe ni. In wanga ya yi min haka bisa hanya, ni da idona biyu zan sa mota rami."

Alhaji ya share hawayen dariya ya ce, "Ku ba shi goro shi tahi. Kai, mutanen Bodinga akwai haƙuri!"

Aikin kuwa rediyo aka ba, Alhaji ya sayo wa direbansa mai kaset. Labarin ya riga ni isa gida a bakin 'yan kamasho. Daga ranar, ana idar da la'asar sai in ga mutanen rumfa sun dawo sun zauna sun zuba mini ido, wani ya ce, "Sai mi?" Fura ta yanke, goro ya yi wuya.

Yanzu da furfurata, ba na jefa ko kaza cikin rijiya sai na san inda igiya take. In kuwa kai ma irina ne, ba ka da igiya sai baki, to ko sarki ya aiko kada ka yarda ka je da hantsi.