Kawu Cindo da Akwatin Kwafe Kaset

A garin Tudun Gawo, bayan masallacin Juma'a, akwai gidan marigayi Malam Isiyaku mai ɗaukar biki a bidiyo. Mutum biyu suka rage a ciki: matarsa Inna Gwamma, wadda yanar ido ta fara rufe mata gani, da ƙaninta Cindo. Cindo ya yi furfura bai taɓa ƙara wa magana gishiri ba, bai kuma taɓa rage mata ba. Abin da aka ce masa, shi zai yi daidai. Zamanin Malam shi ne mai riƙe waya da ɗaukar jaka.

Ana nan sai ɗan gidan, Nazifi, ya dawo daga Kwatano bayan shekaru, da sabuwar kwamfuta siririya a jaka, da halin da zaman can ya koya masa na rashin yarda da kowa. Inna ta roƙe shi abu guda. Akwai kaset ɗaya tak da Malam ya fito a ciki, domin ran nan ya miƙa wa Cindo kyamara ya ce riƙe min, shi kuwa ya riƙe ta tana kallon Malam har kaset ya ƙare. Tana so ta ga mijinta kafin idon ya gama tafiya. Kaset ɗin ya tsufa, da ƙyar zai jure juyi ɗaya, don haka dole a kwafe shi a juyin farko.

Nazifi ya buɗe shagon uban. Bidiyo na nan, ga kuma ɗan baƙin akwati mai wayoyi uku, ja da fari da rawaya, wanda ke ɗebo hoto daga kaset ya zuba a kwamfuta. Amma tsohuwar kwamfutar Malam mai ƙusumbi babu ita, sai shaidarta a kan tebur. Ya kalli kawun nasa ta gefen ido.

"Kawu, an sayar da ita ne?"

"A'a."

Nazifi bai ƙara tambaya ba. Ya dai zare kaset ɗin daga cikin bidiyo, ya ɓoye a ƙarƙashin katifarsa.

Wata rana ya jona akwatin a sabuwar kwamfuta, ta ce ba ta san shi ba. Sai an sauko da wata manhaja da za ta sada su, sabis kuwa babu sai a kan tudun marina. Ya kai Cindo can, ya ba shi wayar hannu, ya ce ya ɗaga ta sama, kada ya sauke sai ɗan layin nan ya kai ƙarshe. Ya tafi sayen mai. Caji ya ƙare, layi ya ɓace, Cindo bai sauke hannu ba. Da Nazifi ya dawo bayan la'asar, ya tarar da shi tsaye, yara sun kewaye shi, wata mai fura tana ba shi a baki da ludayi. Cindo ya ce layin bai kai ƙarshe ba, tafiya ya yi, yana jiran ya dawo. Nazifi ya karɓi wayar, ya fara duba ko an kira wani da ita.

Wata rana, da manhajar ta samu, ya fara saka ta, aikin ya ɗauki lokaci. Zaman wuri ɗaya kuwa ba ya cikin jinin Nazifi. Ya zaunar da Cindo, ya nuna masa inda ake amincewa, ya ce duk abin da kwamfuta ta tambaya ya danna nan. Ta yi tambaya, Cindo ya danna. Ta tambaya ko ta sabunta kanta gaba ɗaya, ya danna. Kafin Nazifi ya dawo daga teburin mai shayi ta zama sabuwa fil, har ta ce manhajar da aka sha wuya a kanta ta tsufa, ba za ta karɓa ba.

"Wa ya ce ka sabunta ta?"

"Ita ta nema. Yarinyar kirki, komai sai ta tambaya."

Daga ranar Nazifi ya fara lura da wanda kawun ke gaisawa da shi. Ya ga sau da yawa yana tsayawa da Ɗan'azumi mai sayen tsoffin ƙarafa. A ransa ya ce babu mai wauta irin wannan kyauta, so ake ya gaji ya watsar da kayan, a auna su a sikeli.

Wata rana ya ce bari ya gwada shi. Ya kwaso kaset-kaset na bukukuwan mutane da suka yi fumfuna, ya ƙirga su a ɓoye, ya ce ya tsaftace su ciki da waje, kada ya bar datti. Yana jira ya ga ko ɗaya zai yi ƙafa. Babu wanda ya ɓata. Cindo ya kwance su duka, ya zaro zaren, ya wanke da sabulu, ya shanya a igiya daga bakin rijiya har zaure. Auren rabin garin na kaɗawa a iska, akuya na cin walimar gidan liman. Inna ta shafa ta ji, ta tambaya ko wata sabuwar taliya ce. Nazifi ya shiga ɗaki, ya ɗaga katifa, ya ga nasa na nan, ya yi ajiyar zuciya.

Wata rana, bayan ya gwada duk dabarar da ya sani kwamfuta ta ƙi, ya ji Inna tana tambayar maƙwabciya wace ce, alhali matar na tsaye a gabanta. Ransa ya ɓaci. Ya fizge akwatin ya tura wa Cindo.

"Kawu, ɗauke shi. Mayar da shi yadda yake zamanin Baba, komai yadda ka gan shi. Kada in sake ganinsa."

Ya fita ya zaga gari, ya je tasha ya tambayi motar kudu, ya dawo. Yana shiga ɗaki ya ga katifa a karkace. Babu kaset. Bai yi mamaki ba, har wani sanyi ya ji na wanda zarginsa ya tabbata. Ya nufi wajen Ɗan'azumi, sai ya ji janareto na ruri a bayan shago, ya kuma ji wata murya da ya sani tana faɗa a kan wa ya taka waya.

Ya tura ƙofa. Shagon ya koma yadda yake. Ga takalman Malam a bakin ƙofa, ga hularsa a ƙusa, ga shayi a kofinsa yana tururi, har kujerar nan mai karyayyar ƙafa an dawo da ita. A kan tebur kuwa ga tsohuwar kwamfuta mai ƙusumbi, ƙwayar dawa a maƙale a jikinta, Malam Isiyaku na tsugune a fuskarta yana ɗaure waya, ɗan jan ɗigo na ƙyaftawa a gefe alamar tana kwafa.

"Ina take duk kwanakin nan?"

"Rumbu. Malam ya ce in adana ta yadda ake adana iri."

"Me ya hana ka faɗa min?"

"Ka tambaya ko an sayar."

Game da jan ɗigon, Cindo ya ce shi bai san aikinsa ba. Ranar da ciwo ya kayar da Malam a kujerar nan ɗigon na ƙyaftawa, kaset na ciki, shi ya sa yau ma ya yi ta dannawa har ya ƙyafta.

Kaset ya kai kusan ƙarshe, zaren ya tsinke. Nazifi ya kwashe abin a filashi, ya zuba a sabuwar kwamfuta, ta karɓa ba gardama. Inna ta kafa hanci a jikin gilashin, sannan ta ce rigar nan ita ta wanke ta, kuma dubi yadda ya zauna da ita a ƙasa.

Nazifi ya koma shago don ya duba yadda aka jona wayoyin, yana ta auna kawun nasa da ido, har yanzu bai yanke ko wawa ne ko ya fi kowa wayo ba. Yana matsawa Cindo ya sha gabansa, ya baza babbar riga a kan tebur. Ya yi dama, ya bi shi. Ya yi hagu, ya bi shi.

"Kawu, matsa in ga akwatin."

"Ka ce kada ka sake ganinsa."